Sule Biyu da Sisi

Na fara da bakin babana.
Ya ce, ni Labbo ɗan Modi, Modi ɗan Arzika,
daga nan igiya ta tsinke, guga ya faɗa rijiya.
Wa ya haifi Arzika? Ta wace hanya ya shigo?
Ya daɗe yana duban tabarma, bai sani ba.

Abin da aka bar mana bai cika tafin hannu ba:
wai ya yi haƙar farar ƙasa a ramukan bakin Rima,
wai tarinsa ya fi maganarsa yawa,
wai girarsa fari fat tun yana saurayi,
don ƙurar rami ta fi ƙarfin sabulun salo.
Kabarinsa kuwa ba a taɓa nuna mana ba.

Na hau babur zuwa gidan ajiyar tarihi cikin Sakkwato.
Babu wuta, fanka ta yi tsaye kamar mai jiran hukunci.
Malam Jabbi ya sauko da littafin haraji mai jan bango,
ashe gara ta riga ni karatu.
Ta cinye layi goma sha ɗaya daga ƙauyenmu,
ta bar hakimi da jangalin shanunsa cif.
Gara ma ta san manya, ba ta taɓa su ba.

Sai takardar leburori.
Lamba, dangwalen yatsa, lamba, dangwalen yatsa,
mutum arba'in da bakwai babu ko suna ɗaya.
Na bi su ina ɗora babban yatsana a kan kowanne,
tawada ba ta amsa ba.

Liman ya buɗe mini gafaka bayan la'asar,
salsalar malamai, wane ɗan wane, har tsatso na tara,
rubutu mai kyau, jan wasali kamar barkono a shanya.
Mai diga bai shiga ba.

Na kama hanyar gida sai wata murya daga gindin zogale:
"Mi kaka biɗa, yaro, kana ta wahal da takalmi?"
Tsohuwa Ige ce, tana ɓarar gujiya.
Na ce Arzika.
"Mai tari? Zamna."
Ta shiga ɗaki, ta tono ƙasan wata kwalla,
ta fito da takardu a naɗe cikin tsumman saƙi.
Kakarta ce ke tuwon sayarwa a bakin rami,
ƙanen kakar ke rubuta bashi da ajami,
don tsohuwar ba ta yarda da ƙwaƙwalwar kowa ba.

Ga shi nan, tsakanin ɗigon mai da sawun kyankyaso:
Arzika, baƙon Yawuri, ɗan Gado mai jirgi,
tuwo da miyar sure, sule biyu da sisi,
sai ran biya.
An sa uba, an sa gari, saboda baƙo ne,
in ya gudu a san inda za a bi.
Ran Alhamis ake biya.
Ran Laraba rami ya rufta.
Layin nan har yau ba a soke shi ba.

Na zauna a ƙasa.
Wata uku ina neman asali a rumbun manya,
ashe yana nan a littafin mai tuwo.
Da kakana ya biya bashinsa, da mun ɓata.
Gado. Na faɗa a hankali, na sake faɗa,
sunan da bakin gidanmu bai saba ba.

Na zaro kuɗi, ban san nawa ne sule biyu a yau ba.
Ige ta ture hannuna da bayan ludayi.
"An yahe tun randa ƙasa ta ruhe su.
Kwafi abinka ka tahi, magariba ta yi."
Na kwafa a bayan takardar shan mai,
hannuna na rawa, dal ɗin ta karkace.
Gobe zan nemi motar Yawuri,
ko da wanda ya tuna wani mai jirgi
da ɗansa ya haura arewa neman sule
bai komo ba.